Bayan Barka da Suna: Ina Mai Jego Za Ta Nufa Idan Haihuwa Ta Zo da Gardama?

Da zarar labarin haihuwa ya iso, tambaya biyu muke yi: me aka samu, kuma an sauka lafiya? Idan aka ce uwa da ɗa suna raye, sai a yi hamdala a shiga neman ragon suna. Godiya ga Allah wajibi ce, amma akwai matan da kalmar "lafiya" ba ta kwatanta halin da suka fito daga ɗakin haihuwa ba. Wata ta kwana biyu tana naƙuda kafin a yi mata aiki. Wata jini ya ɓalle mata har sai da aka yi mata ƙarin leda uku. Wata jijjiga ta kama ta, ba ta san inda kanta yake ba sai washegari. Wata kuma ta koma gida hannu rabbana, kayan jariri na jibge a ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Masana kuma sun daɗe suna cewa duk mace guda da ta rasu, akwai wasu 20 zuwa 30 da suka tsira da rauni ko ciwo mai daɗewa. Waɗannan ba a cika maganarsu ba, domin an ɗauka tunda sun rayu magana ta ƙare.

Jego a garin da babu dangi

A al'adarmu mai jego ba ta zama ita kaɗai. Mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ko a turo gwaggo ko kaka ta zauna da ita har a yi arba'in. Tsohuwar da ke yi mata wanka ita ce ke fara lura idan ƙafa ta kumbura, ko jinin biƙi ya canza wari, ko yarinya ta daina cin abinci.

Zaman Abuja ya rage wannan gata. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke zaune a Kubwa, Lugbe, Dei-Dei, Zuba ko Mararaba yakan fita da asuba don gudun cunkoso, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Wadda aka turo daga gida takan koma da an watse daga suna, domin ɗaki ɗaya ne ko biyu, ita ma ta baro nata iyalin. Daga kwana na takwas sai a bar mace da jariri da ɗinkin da bai warke ba, ƙofa a rufe, maƙwabta kowa na harkar gabansa. Idan uwarta ta kira daga Katsina ko Gusau ta ce, "'Yar nan, yaya jikin?" amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, Inna." Kunya ba za ta bar ta ta ce fitsari na zubo mata ba, ko kuwa tana tsoron rufe ido da dare.

Alamomin da ba a jira da su

Makonni shida na farko bayan haihuwa lokaci ne mai haɗari, musamman ga wadda ta sha wuya. A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: jinin da ke jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin ƙasa da awa guda ko yake fita da manyan gudaji, zazzaɓi da ciwon mara da ruwa mai wari, matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi, jijjiga, wadda takan iya tasowa ko bayan an sauka, kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, wurin aiki ko ɗinkin ƙari ya buɗe ko yana fitar da mugunya, numfashi sama-sama, musamman idan ta kwanta. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Batun numfashi na buƙatar ƙarin bayani. Akwai ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko na jego, kuma arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka ja hankali kan yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Mace mai hawan jini, ko wadda ƙafafunta suka kumbura, ta nisanci kanwa, wadda aka yi wa aiki kuma kada a watsa mata tafasasshen ruwa a kan ɗinki. Idan mai jego na haki daga ɗan taku kaɗan, ba ragwanci ba ne, a kai ta a duba zuciyarta.

Sai yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke haddasawa idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara. Yakan bayyana cikin kwanakin farko. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan aka je da wuri, robar fitsari kaɗai da za a bari na wasu makonni tana iya sa ƙaramin rami ya rufe ba tare da tiyata ba. Dakta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya shafe shekaru yana wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, yana cikin waɗanda suka tabbatar da haka. Wadda ke buƙatar aiki kuwa, akwai cibiyoyin ƙasa a Katsina da Ningi da Abakaliki, ga kuma cibiyar Laure a Asibitin Murtala na Kano. Mafi yawan masu wannan lalura suna warkewa. Ɓoyewa ce ke mayar da ciwon wata guda ya zama na shekara goma.

Raunin da ido ba ya gani

Yawancin masu jego sukan ji kuka na zuwa musu babu dalili a kwana na uku zuwa na biyar. Wannan sauyin sinadaran jiki ne da gajiya, kuma yakan wuce kafin mako biyu. Idan ya zarce haka, an shiga wani babi. Ciwon damuwa na bayan haihuwa yakan zo da baƙin ciki mai nauyi, rashin barci ko da jariri ya yi barci, rashin jin daɗin komai, da ganin kai a matsayin uwar da ta gaza. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi damuwa.

Akwai kuma firgicin da mummunar haihuwa ke bari. Mace za ta riƙa ganin abin da ya faru yana dawo mata kamar yanzu ake yi: fitilar ɗakin tiyata, ƙarar ƙarafa, muryar da ta ji tana cewa jini ya ƙi tsayawa. Warin maganin asibiti kaɗai ya isa ya sa gabanta faɗuwa. Za ta ƙi bin hanyar asibitin, ta ƙi kai yaro rigakafi, ta guji shimfiɗar mijinta don tsoron wani cikin. Wani lokaci ba ciwon ne ya bar tabon ba, wulaƙancin da ta gani ne. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan yadda ake mu'amala da masu haihuwa a Abuja ya kawo bayanan mata da ma'aikatan lafiya kan tsawa da barazana da mari a ɗakin haihuwa.

Mafi tsanani shi ne rikicewar hankali da ke kama mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a makonni biyun farko. Za ta daina barci kwata-kwata, ta riƙa surutai, tana jin muryoyi, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. A nan ne ake cewa iska ta shafe ta ko an yi mata sammu, a rufe ta a ɗaki ana hayaƙi. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Haka ma duk wadda ta ce gara ta mutu ta huta. Wannan ciwo yana jin magani.

Kada kuma a ce mata rashin tawakkali ne. Alƙur'ani ya ba da labarin Nana Maryam lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, zafi da kaɗaici suka sa ta yi burin da ma ta mutu kafin ranar. Ba a yi mata faɗa ba. An kwantar mata da hankali, aka nuna mata ruwa da abinci.

Inda za a nufa a Abuja

Ƙofa ta farko ita ce asibitin da aka haihu ko cibiyar lafiya ta unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego sau huɗu: cikin awa 24 na farko, a kwana na biyu zuwa na uku, tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Mu kuwa mun mayar da komawa asibiti ta jariri kaɗai: a auna shi, a yi masa allura, uwa ta goya shi ta fito ba wanda ya auna jininta. Ranar rigakafi, ki buɗe baki ki ce, "Sista, ni ma ina so a duba ni. Ba na barci, kuma abin da ya faru ranar haihuwa ya ƙi fita daga raina." Akwai takardar tambayoyi goma da ake kira ma'aunin Edinbura, wadda ake amfani da ita tun 1987 don gano damuwar masu jego, kuma cikin 'yan mintoci ake gama ta.

Manyan asibitocin gwamnati na Asokoro, Maitama, Wuse, Kubwa, Nyanya, Bwari, Kuje, Kwali da Abaji suna da sashen mata da haihuwa. Idan lamarin ya fi ƙarfinsu sukan tura Asibitin Ƙasa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi. Asibitin Ƙasa da na Gwagwalada suna da likitocin ƙwaƙwalwa, haka kuma Babban Asibitin Karu yana da sashe na musamman kan wannan fanni. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka. Sau da yawa maganin zama ne da ƙwararre ana tattaunawa, idan kuma ta kama a sha ƙwaya, akwai waɗanda mai shayarwa ke iya sha. Ƙungiyoyi irin su She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016, da MANI, suna sauraron masu damuwa ta waya da intanet, abin da zai yi wa matar da ba ta iya fita amfani.

Idan kuɗi ne matsala, a tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar a Abuja da shirin yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta, kuma Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa tana da shirin ɗaukar nauyin aikin yoyon fitsari. A tambaya ko asibitin da aka je yana cikin shirin.

Haƙƙinki ne kuma ki san abin da ya same ki. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ba majinyaci damar samun bayani cikin harshen da yake fahimta. Ki tambaya: me ya sa aka yi mini aiki? Jini nawa na zubar? Me ya kashe jaririn? Zai iya maimaituwa? Mata da yawa na ɗauke da zargin kai na shekaru kan abin da bayanin minti goma zai wanke su daga gare shi. Wadda aka ci wa mutunci kuma tana iya kai ƙorafi teburin SERVICOM na asibitin, ko majalisar da ke kula da likitoci, ko ta ma'aikatan jinya da ungozoma.

Aikin maigida da dangi

Angon ƙarni, aikinka bai ƙare da sayen rago da kayan barka ba. Idan ma'aikacin gwamnatin tarayya ne kai, kana da hutun haihuwa na kwanakin aiki 14. Ka karɓa, ka zauna a gida. Ka karɓi jariri ta samu barcin awa huɗu a jere. Ka raka ta asibiti da ƙafarka, domin wata ba za ta je ba sai da izininka da kuɗin motarka. Kada ka matsa mata da batun shimfiɗa don kawai an yi arba'in. Ku nemi shawarar likita kan tazarar haihuwa. Ana so a huta kamar shekara biyu kafin wani ciki, musamman bayan tiyata, kuma ciki na gaba a fara awo da wuri a asibitin da ke da ɗakin aiki da ajiyar jini.

Ku kuma iyaye da surukai, a daina "mu da muka haifi goma a ɗaki", a daina yi wa wadda aka yi wa aiki gorin ragwanta. Wadda ta rasa jariri ba ta buƙatar a ce mata za ta sake samun wani. Ta'aziyya take buƙata kamar kowane mai rashi, da wanda zai saurare ta idan tana son magana. Namijin da ya tsaya a bakin ɗakin tiyata yana jiran a ce masa ta rayu ko ta cika, shi ma yana iya fita da nasa firgicin, kuma ƙofar likita a buɗe take gare shi.

Tunda dangi sun yi nisa, sai maƙwabta su zama dangi. Matan Islamiyya, ƙungiyoyin mata na coci, 'yan adashi da matan layi ɗaya za su iya raba kwanaki a tsakaninsu, ta yadda duk mai jegon da ke unguwa za a leƙa ta kullum har ta yi arba'in. Wadda ta je kada ta tsaya ga ɗaukar jariri da yaba kamanninsa. Ta zauna ta tambayi uwar ko tana barci, ko tana cin abinci, ko jinin ya ragu, ko akwai abin da ke damunta da ba ta gaya wa kowa ba. Idan amsar ta ba da tsoro, a kira maigidan a nemo mota a ranar, kada a bari sai gobe.