Coci, Zaman Tare da Bunƙasar Birane: Abin da Tarihin Wusasa da Kaduna Ke Nunawa

Kamar yadda aka sani, a kowace shekara matasa da magidanta na barin ƙauyukanmu zuwa Kaduna, Zariya da Kafanchan domin neman aiki ko karatu. Ga mabiyin addinin Kirista, wurin da yakan fara nema idan ya sauka shi ne coci, domin a nan yake samun wanda zai nuna masa ɗakin haya, ko ya haɗa shi da maigidan da zai koya masa sana'a, ko ya tsaya masa ranar rashin lafiya. Mun ga ya dace mu yi wa jama'armu na karkara da jami'an ƙananan hukumomi bayanin wannan aiki na coci, da kuma sharaɗin da ke sa ya amfani birni baki ɗaya.

Lamarin yana da tushe a cikin koyarwar addinin. A sura ta 29 ta littafin Annabi Irmiya, an umurci Yahudawan da aka kwasa zuwa Babila da su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin garin da suke zaune a ciki, duk da cewa ba garin haihuwarsu ba ne, kuma mutanensa ba addininsu ɗaya ba.

Wusasa, da ke gefen Zariya, misali ne da ke kusa da mu. Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin birnin Zazzau tun 1905, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausawa, a 1929. Tare da cocin aka kafa makaranta da asibitin St. Luke, wanda Musulmi da Kirista ke zuwa neman magani. Daga wannan ƙaramin gari ne Dokta R.A.B. Dikko ya fito, wato likita na farko ɗan Arewa, wanda kuma ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Haka nan Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, duk a nan suka tashi. Abin lura shi ne babu ɗayansu da hidimarsa ta tsaya ga 'yan cocinsu kaɗai.

Makarantun mishan ma haka suka kasance. Kwalejin Rimi da ta Sarauniya Amina a Kaduna, da Kwalejin Kufena a Zariya, duk na mishan ne kafin gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970, ta sauya musu suna.

A garin Kaduna kuwa, masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu ya soma aiki a 1957, da layin dogo da ofisoshin gwamnatin Jihar Arewa sun jawo ma'aikata daga Filato, Adamawa, Binuwai da sauran sassa. Saboda irin waɗannan baƙi aka kafa HEKAN, wato Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, domin masu ƙabilu da ɗariku daban-daban su yi sujada tare da harshen Hausa. A irin waɗannan coci-coci, Zumuntar Mata na gudanar da adashi, da ziyarar masu jego da marasa lafiya, da tallafa wa gwauraye. A ganinmu wannan aiki ne da babu ƙaramar hukumar da kasafin kuɗinta zai iya ɗauka ita kaɗai.

Sai dai zumuncin da ya tsaya ga 'yan gida kaɗai yana da tasa illar, kuma jiharmu ta ɗanɗana. Bayan rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, rikice-rikicen Kaduna na 2000 da 2002 sun raba garin gida biyu. Akasarin Kiristoci suka koma kudancin kogi, irin su Sabon Tasha, Narayi da Unguwar Romi, akasarin Musulmi kuma suka tattara a arewa, irin su Tudun Wada, Rigasa da Kawo. Mutane da dama sun sayar da gidajensu da araha, 'yan kasuwa sun rabu da abokan cinikinsu na shekara da shekaru, kuma yara sun taso ba tare da sun taɓa zama aji ɗaya da ɗan wani addini ba. Rufe masaƙun a shekarun 2000 ya ƙara dagula al'amarin, domin a can ne dubban ma'aikata ke cuɗanya kullum ba tare da an tambayi addinin kowa ba. Coci-coci da masallatai sun ci gaba da cika, amma garin bai ƙaru da wannan rabuwa ba.

An yi ƙoƙarin gyara. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda a da suke gaba da juna, sun fara aikin sasantawa tare tun 1995, kuma a watan Agustan 2002 shugabannin addinai 22 suka rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Yarjejeniyar ba ta hana rikicin watan Nuwamban wannan shekarar ba, wanda ke nuna cewa sa hannun manya bai wadatar ba matuƙar maganar ba ta sauka cikin unguwanni ba.

A nan ne aikin jami'an ƙananan hukumominmu 23 yake. Garuruwa da dama na karkara suna girma, kuma tun a wajen rabon filaye ake shuka rabuwa ko haɗuwa. Ya kamata a ajiye kasuwa, asibiti, makaranta da rijiyar burtsatse a wurin da kowane ɓangare zai isa ba tare da fargaba ba. Idan za a kafa kwamitin rigakafi, ko na tsaftar muhalli, ko na rabon takin zamani, a gayyaci fasto da limami da shugabannin mata na ɓangarorin biyu su zauna a tebur ɗaya tare da dagaci, maimakon a gana da kowa daban. Har ila yau, muna kira ga shugabannin coci-coci masu makarantu da ɗakunan shan magani da su yi musu rajista da hukumomin ilimi da na lafiya, domin a sa su cikin lissafi lokacin tsara ayyukan shekara.