Liyari da Tsohon Sule: Nauyi Ake Saye ko Tarihi?

A gidajen Tambuwal da Dogon Daji da rugagen Fulanin Kebbe, har gobe akan samu tsofaffin sulalla a ƙasan adaka, ko a jere jikin sarƙar da aka gada daga kaka. Idan buƙata ta taso aka fito da su, farashi biyu ke jiransu. Na farko kuɗin azurfar da ke ciki, wanda maƙerin farfaru zai faɗa bayan ya ɗora a sikeli. Na biyu abin da masu tara tsofaffin kuɗi za su ƙara saboda ƙarancin abin. Yawancin asarar da ake tafkawa, wajen gauraya biyun nan ake yin ta.

Mu ɗauki liyari, dalar nan mai hoton Mariya Tarisa, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ta Sahara tun ana ciniki da wuri. Kusan duk wadda za ka gani, 1780 ke rubuce a kanta, sai dillali ya ce maka ta haura shekara 240. Ba lallai ba ne. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, aka kuwa ci gaba da buga dalar da wannan lamba a Biyana da Landan da Roma da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu Ostiriya na bugawa. Nauyinta giram 28 ne, tsantsar azurfar ciki wajen giram 23.4. Kuɗin wannan azurfa shi ne gindin farashinta. Duk abin da aka ɗora a kai, sai mai sayarwa ya kawo hujja.

A sulen Bature kuwa, shekara ita ce komai. Sule da fatakar da Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta buga daga 1913 zuwa 1919, kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ne. Sule guda yana ɗauke da azurfa giram 5 da ɗoriya. A 1920 aka rage azurfar, sannan aka koma tagulla. Na Ingila rabi ne azurfa daga 1920 zuwa 1946, bayan nan babu ko ɗigo.

Kwabo da anini masu huji ba su da azurfa tun asali. Akwai na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus bai cika shekara a gadon mulki ba, kuma masu tarawa na son su. To amma miliyoyi aka buga, don haka jita-jitar cewa kwabo guda zai gina maka gida zuƙi ta malle ce, kuma 'yan damfara na fakewa da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko da tsabar mai wuyar samu ce, mu kan kashe darajarta da hannunmu. An huda ta an zura zare, an liƙa mata kunne, an dirje ta da toka da lemun tsami don ta yi ƙyalli. Mai tarawa a Landan ba ya son ko ɗaya daga ciki. Sannan ina za ka same shi? A kasuwar Tambuwal ko ta Jega sikeli ne alƙali, ba mai biyan ka ladar tarihi.

Haka zinariya. Fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98 ne, tsantsarsa 7.32, kuma a kan wannan ya kamata a yi ciniki. Shari'a ma nauyi take dubawa: nisabin zakka misƙali 20 ne na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, kimanin giram 595.

Saboda haka mai saye don ajiya, ka tambayi farashin giram na ranar, a auna a gabanka, ka biya kuɗin ƙarfe da 'yar ribar ɗan kasuwa. Ke kuma da kika gaji sarƙar sulalla, kafin ki miƙa wa maƙeri ya narke, sa a karanta miki shekarar kowanne, a ware na kafin 1920 da waɗanda ba a huda ba.