Yadda ɗalibai a Amurka ke koyon jagorancin asibiti a hutun bazara

Idan aka ambaci asibiti, likita da ma'aikaciyar jinya ne ke fara zuwa a zuciyar mutane. Amma akwai waɗanda ba sa riƙe allura, duk da haka su ne ke tsara yawan gadaje, albashin ma'aikata, sayen magunguna da jadawalin ɗakin tiyata. Idan suka yi sakaci, majinyaci ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

A Amurka, inda ake da asibitoci fiye da 6,000, wannan aiki fanni ne na ilimi mai zaman kansa. Jami'ar Chicago ce ta fara koyar da shi a matakin digiri na biyu a shekarar 1934, ƙarƙashin Michael Davis. A yau galibin irin waɗannan kwasa-kwasan shekara biyu ake yin su, kuma wata hukuma mai suna CAHME ce ke tantance ingancinsu.

Tsakanin shekarar farko da ta biyu, ana tura ɗalibi wani asibiti domin sanin makamar aiki. Yawanci makonni 10 zuwa 12 ne, daga ƙarshen watan Mayu zuwa Agusta, kuma asibitoci da dama suna biyan ɗalibin alawus.

Da zarar ya isa, sai a haɗa shi da wani babban jami'i da zai zame masa jagora. Yakan zauna a tarukan shugabanni, ya ga yadda ake ja-in-ja kan kasafin kuɗi. Yakan kuma zagaya sassa, daga sashen gaggawa zuwa ɗakin magani, ɗakin gwaje-gwaje da ofishin kuɗi, har da wurin wanki da madafa. Manufar ita ce ya fahimci cewa jinkiri a wuri ɗaya yana shafar ko'ina: idan ba a share ɗakin da aka sallami wani ba, wanda ke kwance a sashen gaggawa zai ci gaba da jiran gado.

Baya ga zagaye, ana ba shi aiki na musamman da zai kammala kafin ya tafi. Misali, a ce ya binciko dalilin da ya sa wasu majinyata ke komawa asibiti jim kaɗan bayan sallama. Wannan batu yana da nauyi, domin tun daga 2012 shirin Medicare, wanda gwamnati ta kafa a 1965 don kula da lafiyar tsofaffi, yake rage kuɗin da yake biyan asibitocin da majinyatansu ke yawan komawa cikin kwanaki 30. A yanzu ragin yana iya kaiwa kashi 3 cikin 100. Ɗalibin zai tattara alƙaluma, ya tattauna da ma'aikatan jinya, sannan ya gabatar da shawarwarinsa a gaban shugabanni. A duk tsawon aikin, dokar HIPAA ta 1996 ta wajabta masa kare sirrin majinyata.

Darasi mafi wuya shi ne na mu'amala. Ɗalibin ba shi da ikon ba kowa umarni, kuma yana aiki ne da likitocin da suka girme shi nesa ba kusa ba. Dole ya koyi sauraro, da gamsar da mutane ta hanyar hujja. Wanda ya yi fice yakan samu damar horo na shekara ɗaya ko biyu bayan kammala digiri, wanda ke buɗe masa ƙofar muƙaman gudanarwa.

A Najeriya tsarin ya sha bamban. Likita ne ke shugabantar asibitin koyarwa na tarayya, yayin da daraktan mulki ke aiki a ƙarƙashinsa, lamarin da ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta daɗe tana ƙorafi a kai. Sai dai ko wane ne ya hau kujerar, abin da tsarin Amurka ke nunawa shi ne iya tiyata daban, iya tafiyar da asibiti daban, kuma shi ma na biyun sai an koya.