Sassaben zamani: kada a kashe kututture

Ƴan uwa manoma na Ƙonni, Malbaza da Illela, lokacin sassabe ya zo.

Kututturen gawo, kalgo, sabara ko magarya da ke gonarku bai mutu ba. Saiwarsa na da rai, shi ya sa yake toho kowace shekara. In kuka sare tohon duka kuka ƙone, iskar farkon damina za ta binne hatsi da rairayi, sai kun sake shuka.

Ga yadda ake yi:

1. A kowane kututture, a zaɓi toho 3 zuwa 5 miƙaƙƙu, masu ƙarfi. A sare sauran.
2. A rage ƙananan rassan gefe har rabin tsawon itacen, kada a wuce nan.
3. A wasa adda. A sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage.
4. A ɗaura tsumma, masu neman itace su san yana da mai shi.

A Maradi aka soma wannan aiki a 1983. Dokar gwamnati ta 2020 ta ba manomi ikon amfani da itacen da ya rena a gonarsa. Ku rena, naku ne.