Adon Biki a Lokacin Hunturu: Hattara da Gobara

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maradi, bukukuwan ƙarshen shekara suna faɗowa ne a tsakiyar hunturu. An gama girbi, aure ya yawaita, ga bikin jamhuriya na 18 ga Disamba, wanda birnin Maradi ya karɓi baƙuncinsa a 2015 da sunan Maradi Kolliya, ga Kirsimeti da sabuwar shekara. A lokacin ne kuma darni da zana da jinka suke bushewa ƙayau, karan gero na jibge kusa da rumbuna, iska na kaɗawa. Gobarar da ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a Maradi cikin Nuwamba 2021, inda yara fiye da 20 suka rasu, ta nuna saurin wuta a irin wannan gini.

Haɗari na farko shi ne lantarki. Fitilun ado masu araha siririyar waya gare su, kuma akan jona su wuri ɗaya da amsa-kuwwa da firji. Wayar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta takan yi zafi har robarta ta narke. Mahaɗar da aka naɗe da leda takan yi tartsatsi idan iska ta girgiza rumfa. Ba a ratsa waya cikin zana ko ƙarƙashin tabarma, kuma a cire komai daga wuta kafin barci.

Na biyu shi ne garwashi. Kaskon turare da na jin ɗumi suna buƙatar tazara daga labule da katifa. Gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutum cikin barci. Fetur na kwalba kuwa ba a zuba shi a janareta sai an kashe shi ya huce.

Mai rataya ado ya hau tsani, wani na riƙe masa, ya nisanci wayoyin kamfanin lantarki na NIGELEC. Kujerar roba ba abin hawa ba ce.

Idan wuta ta tashi, a fara fitar da yara da tsofaffi, a kashe mita, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Wutar fetur da ta lantarki yashi ake zuba musu, ruwa ƙara musu haɗari yake yi. Ƙuna kuma a kwarara mata ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, ban da ƙwai, toka ko man goge baki, sannan a garzaya asibiti.