Tafkin Madarunfa: wurin hutu da kamun kifi a bakin ƙofar Maraɗi, da abin da ke barazana gare shi

Matashin da ke zaune a Maraɗi ba ya buƙatar biza ko kuɗin jirgi kafin ya yini a bakin ruwa, ya jefa ƙugiya, ya gasa abin da ya kama. Kilomita 20 da 'yan kai kudu da birnin akwai tafkin Madarunfa, ruwa mafi girma a jihar Maraɗi, wanda ke nan rani da damina. Mota ko kabu-kabu na kai mutum cikin ƙasa da awa guda. Duk da haka, akwai 'yan fada da yawa a Maraɗi da suka fi sanin bakin tekun Kotonu da Lome ta hotunan Facebook da TikTok fiye da wannan ruwa da ke bayan gidansu.

Masu sha'awar zuwa su kafa tanti su yi fatsa na da abubuwa uku da ya kamata su sani: tafkin yana da masu shi, kwana a bakinsa yana da sharaɗi, kuma ruwan da kansa yana cikin matsi.

Ruwa, kurmi da kaburbura

Idan damina ta yi kyau, faɗin tafkin kan kai kimanin hekta 800, sannan ya riƙa janyewa a hankali har zuwa faɗuwar ruwan sama na gaba. Gulbin Gabi ne ke shayar da shi, Gulbin Maraɗi kuma na ƙara masa idan ya yi ambaliya. A gefensa akwai gandun dajin da hukuma ta keɓe, ga kuka da gawo da bagaruwa. Da sanyin safiya ana ganin balbela da zalɓe da kirinjijiya, a lokacin ɗari kuma tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai na sauka su huta.

A wajen mutanen garin, darajar wurin ta wuce kifi da tsuntsaye. Kewaye da tafkin akwai kaburburan da aka gada kaka da kakanni cewa na waliyyai 99 ne, kuma jama'a na zuwa ziyara daga sassan Nijar da arewacin Najeriya. A 2006 Nijar ta sanya gandun dajin da tafkin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. A 2019 kuma aka shigar da tafkin, tare da na Gidimuni a jihar Damagaram, cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi da tafkuna da aka ƙulla a 1971. Tafkin Tabalak da na Ɗan Dutsi a jihar Tawa sun riga su shiga tun 2005.

Saboda haka baƙon da ya zo da lasifika da kiɗa ya fara tambayar inda kaburbura suke kafin ya shimfiɗa tabarma.

Su yana da masu shi

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne tafkin wurin sana'a ne. Tun da asuba masunta ke cikin kwale-kwale suna duba kalli da mamarin da suka bari cikin ruwa da daddare, wasu na jefa birgi, wasu na ɗaga gura. A gaɓa mata da dillalai na jira, kifin da bai tafi kasuwar Maraɗi ɗanye ba a soya shi ko a yi banda. Makiyaya na shayar da dabbobi, manoman rani na bin ruwan da shuka yayin da yake janyewa.

Kifayen da aka fi samu sun haɗa da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, kuma kowanne da halinsa. Karfasa na son wuri mara zurfi mai ciyawa, tana cin ƙugiya da safe da kuma bayan la'asar. Tarwaɗa mai yawon dare ce, tana bin ƙasan ruwa, kuma tana iya shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa da rai bayan an fito da ita. Giwan ruwa kifi yake ci, ba kasafai yake faɗa wa ƙugiyar ɗan koyo ba. Akwai kuma gaiwa, wadda idan ruwa ya janye take shiga taɓo ta kwanta har damina ta dawo.

Mai fatsa ba ya buƙatar kaya masu tsada. Sanda mai lanƙwasa, zare, ƙugiya ƙarama, tana, da guntun kara da zai yi iyo a sama ya nuna lokacin da kifi ya taɓa, sun isa. Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne izini. Nijar na da dokar kamun kifi da ta tanadi takardar izini, ta kuma haramta amfani da guba da nakiya. Jami'an gandun daji ne ke kula da wannan, su za su faɗi ko su a buɗe yake ko a rufe, domin a tafkuna da dama na ƙasar akan dakatar da shi na wani lokaci don kifi ya hayayyafa, musamman bayan an zuba sabon iri. Bayan hukuma akwai shugabannin masunta. Gaisuwa da neman iso a wurinsu na kare baƙo daga jefa ƙugiya a kan ragar wani, kuma su ne suka san inda rami yake da inda taɓo ke riƙe ƙafa. Da ɗan gari akan ci gari.

Kwana a bakin ruwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: tafki a cike, rana da sauƙi, hanya a bushe. Sai dai ɗarin bakin ruwa ya fi na cikin gari, don haka bargo da rigar sanyi wajibi ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, da damina kuma ga sauro ga laka.

Kayan tafiya su ne tanti ko gidan sauro, tabarma, tocila, butar shayi, gawayi, jarkar ruwan sha da buhun kwashe shara. A zo da gawayi daga gida, domin saran itace a gandun daji laifi ne, wutar da aka bari ba a kashe ba kuma a lokacin hunturu tana iya cinye ciyawar da dabbobin gari ke dogaro da ita.

Ta fuskar lafiya, kada a sha ruwan tafki. Mutanen yankin ba su manta da annobar kwalara ta 2018 ba, wadda ta fara ɓulla a gundumar Madarunfa. Wanka a ruwa kwantacce mai ciyawa na iya jawo tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a gaɓa, kuma kada a cika kwale-kwale fiye da kima don ɗaukar hoto.

Sai babbar magana, wato tsaro. Shekaru da dama ke nan ƙauyukan gundumar da ke dab da iyakar Najeriya na fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane don kuɗin fansa, kuma yawanci da daddare suke zuwa. Halin kan sauya daga wata zuwa wata. Duk ƙungiyar da ke son kwana ta fara sanar da jandarma da ma'aikatar magajin gari, ta bi abin da suka ce. A kafa tanti kusa da gari inda mai masauki ya nuna, a guji gefen da babu mutane, a daina tafiyar dare, kuma a jinkirta wallafa hotuna da bayanin inda ake har sai an dawo gida. Idan aka ce kwana bai yiwuwa, sammako a yini a koma Maraɗi kafin magariba bai rage wa tafiyar daɗi ba.

Ina ruwan ke tafiya?

Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, alhali rana da iska na iya ɗauke kusan mita 2 daga saman buɗaɗɗen ruwa. Ke nan tafkin na rayuwa ne da abin da gulabe suka kawo masa, kuma nan ne matsalar take.

Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, inda ake kiransa Gada. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, ambaliyar da ke malalowa kwarin Maraɗi ta ragu. Nijar da Najeriya sun sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri a 1990 game da rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na cikinta. Amma ga masunci, yarjejeniya ita ce ruwan da ya gani a ƙarƙashin jirginsa.

Ruwan da ya iso kuma da yashi yake zuwa. Inda aka sare itatuwa aka nome ƙasa har bakin korama, ruwan sama na kwashe ƙasar ya zube ta cikin tafki. Kowace damina gindin tafkin na ɗagowa kaɗan. Ruwa mara zurfi ya fi saurin ɗumi da ƙafewa, kifi kuma ya rasa maɓoya.

Na uku shi ne su ɗin kansa. Uwar karfasa a baki take riƙe ƙwanta da 'ya'yanta har su yi ƙwari, don haka kama ta a wannan lokaci asarar ɗaruruwan kifi ne. Raga mai ƙananan idanu, balle gidan sauro da wasu ke mayarwa raga, na kwashe kifin da bai kai ko yatsa ba. Masuncin da ke da iyali ya san haka, amma idan kamun yau bai cika kwano ba, da wuya ya yi tunanin na baɗi.

Rabon matasa da mazauna ƙetare

A nan ne baƙo ke da amfani. Ƙungiyar samari goma da ta ɗauki hayar kwale-kwale, ta biya ɗan jagora, ta sayi kifi a hannun masu suya, ta bar 'yan jikkuna a garin ba tare da an ƙara ko raga ɗaya cikin ruwa ba. Masuncin da ke samun kuɗi daga yawo da baƙi ya fi iya haƙuri da watannin da aka rufe su. Mai fatsa kuma ya mayar da ƙananan da ya kama, ya ƙi sayen ƙananan da aka kawo masa, ya tafi da ledojinsa.

'Yan Maraɗi da ke Abijan, Akara, Aljeriya ko Faransa sun ga yadda ake mayar da bakin ruwa wurin hutu da samun kuɗi. Abin da Madarunfa ke buƙata bai kai kuɗin gina bene ɗaya ba: rumfuna, makewayi mai tsabta, rigunan kariya daga nutsewa, firiza mai aiki da hasken rana don kifi ya daina lalacewa, da dashen itatuwa a bakin koramu don tare yashi. Sharaɗin kawai shi ne a bi ta hannun ƙungiyoyin masunta da na mata masu sarrafa kifi da hukumomin gari, kada a killace gaɓa a hana masu ita da dabbobinsu isa ga ruwa.

Sunan tafkin ya shiga takardun Ramsar da na UNESCO, amma takarda ba ta kwashe yashi. Wannan aiki ne na hukuma da masunta da manoma, da kuma matasan da za su fara da zuwa su ga wurin da idonsu a ɗarin bana.