Saƙon “Sayi Fistol, Lasisi Ya Biyo Baya”: Ga Gaskiyarsa, Ga Ƙaryarsa

Sau uku saƙon nan ya iso wayata cikin mako guda. Na fara ganinsa a zauren WhatsApp na dangi, na sake ganinsa a na tsofaffin abokan makaranta, ban tanka ba. Abin da ya tayar da ni tsaye shi ne kiran wani ƙanina da ke noma a ƙauyenmu. Bayan mun gaisa sai ya ce, “Yaya, wai da gaske ne an halasta? Na sayar da wake, kuɗin na nan a hannuna, kuma an haɗa ni da wani mai kawowa.” Na ce masa ya riƙe kuɗinsa har sai ya ji daga gare ni. Amsar da na ba shi ce nake shimfiɗawa a nan, domin na san ba shi kaɗai ne ke juya wannan tunani a ransa ba.

Ga wanda bai gani ba, saƙon dogo ne, an yi masa ado da hotunan ƙananan bindigogi. Yana ba da shawarar yadda mutum zai zaɓi fistol mai matsakaicin farashi, wadda ba ta kai manya tsada ba kuma ba ta arha ba ce, wai ta yi masa farauta ta kuma zauna a ƙugunsa don kare kai. An jero sunaye irin su Glock da wasu ƙirar Turkiyya, an sa farashi da dala. A ƙarshe aka liƙa wasu layuka da suka fi komai haɗari: wai gwamnati ta ba kowa izinin mallakar bindiga, wai ka saya kawai lasisi zai biyo baya, wai katin ƙungiyar mafarauta ko takardar mai gari ta ishe ka nuna wa jami’an tsaro.

Abin da ke cikinsa na gaskiya

Ba zan ce duk saƙon ƙarya ne ba, domin da ƙarya ce zalla da bai yi tafiya haka ba. Gaskiya ne mutanen karkara a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja sun sha wuya a hannun ’yan bindiga, har wasu garuruwan sai sun biya haraji kafin su shiga gonakinsu. Wanda aka taɓa ɗauke masa uwa ko ɗa, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba ka da bakin yi masa dariya idan ya fara tunanin makami. Jiki magayi.

Gaskiya ne kuma sashe na 33 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya amince mutum ya kare kansa da dukiyarsa daga farmakin zalunci, gwargwadon buƙata. Haka nan gaskiya ne wasu manya sun yi kiran jama’a su tashi su kare kansu. Janar T. Y. Danjuma ya faɗi haka a Jalingo a watan Maris na 2018. Aminu Bello Masari ya faɗa a 2021 yana gwamnan Katsina. A ƙarshen watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta fitar da sanarwar cewa jama’a su nemi izinin mallakar bindiga, har ta ce za a raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19 na jihar. Duk wannan ya faru. Nan ne kuma gaskiyar saƙon ta tsaya.

Ƙaryar da ke kai mutum gidan yari

Wanda ya rubuta saƙon ya tuna da sanarwar Zamfara, amma ya ɓoye abin da ya biyo bayanta. Ba a yi kwanaki ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin umartar kwamishinan ’yan sanda ya ba da lasisin bindiga. Rundunar ’yan sandan jihar ita ma ta ce takunkumin da aka sa wa bayar da lasisi yana nan daram. Dalilin a fili yake: a tsarin mulkin ƙasar nan, makamai da harsasai da abubuwan fashewa suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Maganar gwamna, komai kyan niyyarsa, ba ta goge dokar tarayya. Bayan haka, a watan Agustan 2023, shugaban ’yan sandan ƙasa na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da bayar da lasisin bindiga saboda yawan makamai a hannun jama’a.

Ko da a ce ba a dakatar ba, fistol ba ta cikin abin da ofishin ’yan sanda ke ba talaka lasisinsa. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne na haramtattun makamai, waɗanda ba mai mallakarsu sai da lasisin da shugaban ƙasa ya bayar bisa ganin damarsa. A nan aka sa igwa da roka da gurneti da mashinga da bindigogin soja. A nan ɗin dai aka sa fistol da libarba, kowace iri ce, har da ta gargajiya mai ƙyastu. Gida na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, waɗanda Sufeto Janar na ’yan sanda ke ba da lasisinsu. Gida na uku shi ne na bindigogin ɗure, wato bindigar toka ta maharbanmu, wadda lasisinta ke hannun kwamishinan ’yan sandan jiha.

A sake karanta wannan da kyau. Ƙaramar bindigar da saƙon ke tallatawa, a idon doka, sahu ɗaya take da gurneti. Ƙanƙantarta ce ma ta jawo mata haka, domin abin da ke ɓuya a ƙarƙashin riga shi ne makamin ɗan fashi da mai kisan gilla. Hukuncin wanda aka kama da ita ba lasisi, a ƙarƙashin wannan doka, ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Laifin kuwa mallaka ce kawai. Ba sai ka harbi kowa ba, ba sai ka nuna wa kowa ba. A same ta a ƙarƙashin katifarka ko a jikin babur ɗinka, magana ta ƙare.

Saboda haka zancen “ka saya, lasisi zai biyo baya” babu shi a ko’ina cikin doka. Lasisi ne ke zuwa da farko, sannan a sayi makami a hannun dillali mai rajista, a rubuta lambarsa. Wanda ya shiga ofishin ’yan sanda da fistol a aljihu yana neman a yi mata takarda, ya kai kansa ne tare da shaidar laifinsa. Katin ƙungiyar mafarauta kuwa shaida ce cewa kai ɗan ƙungiya ne, iyakarta ke nan. Takardar mai gari ko ta hakimi tana da daraja a wurin shaidar hali, amma babu basaraken da doka ta ba ikon halasta wa wani fistol, kuma duk basaraken kirki zai gaya maka haka da bakinsa.

Akwai wata tambaya da ƙanina bai yi wa kansa ba: mai kawowar nan, daga ina yake kawowa? Tunda babu shagon da zai sayar wa manomi fistol bisa ƙa’ida, hanya uku ce ta rage. Ko dai ta fasa-ƙwauri ce, ko an sato ta daga hannun jami’an tsaro, ko kuma ƙirar maƙeran ɓoye ce. Fasa-ƙwaurin nan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Yulin 2024 hukumar kwastam ta nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a kwantena guda a tashar ruwa ta Onne a jihar Ribas, an ɗauko su daga Turkiyya. Hanyar da ke kawo wa mai tsoro bindiga ita ce dai ke kai wa wanda yake tsoron. Kuɗin wakenka zai shiga aljihun mutanen da ke ciyar da dajin da makamai. Sannan ba ka san tarihin ƙarfen da aka miƙo maka ba. Idan an taɓa kashe rai da shi, ranar da aka kama shi a hannunka kai ne za ka yi bayani. Dillalin da ya sayar maka kuma ya riƙe sirrinka ke nan har abada, duk ranar da ya shiga hannu sunanka na cikin waɗanda zai fara ambata. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba.

Wanda ke ganin kalmar “mafarauci” garkuwa ce a kan hanya, ya tuna Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana shirin ƙaramar Sallah, mafarauta ’yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su Kano aka tare motarsu a wannan gari na jihar Edo. An ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Laifin wannan ta’asa yana wuyan waɗanda suka aikata ta, ba a wuyan bayin Allah da aka zalunta ba, Allah Ya jiƙansu. Amma darasin yana nan: idan bindigar gado, wadda kowa ya sani da farauta, ta jawo haka a ƙasar da tsoro ya cika zukata, me kake tsammani idan aka laluba ƙugunka aka zaro fistol?

Sauran iƙirarin

Wai a Amurka kowa na yawo da irinta. Ai daga can aka kwaso bayanin, farashin dala ma ya tona asirin. Su tsarin mulkinsu ya ba su wannan ’yanci tun 1791, namu bai bayar ba. Kuma suna biyan farashinsa: mutum 48,830 bindiga ta kashe a can a 2021, fiye da rabinsu su suka harbe kansu.

Wai fistol na yin farauta. A tambayi kowane maharbi. Bakinta gajere ne, ko gwani ba ya dogara da ita bayan taku hamsin, gada da zomo kuwa ba sa tsayawa a matso.

Wai za ta kori ’yan bindiga. Fistol irin Glock 19 harsashi 15 take ɗauka, su kuwa suna zuwa da yawa a kan babura, kowa da AK-47 mai harsashi 30 da ke cin mita 300.

Wai tana ɓarin wuta kamar ta soja. A’a, kowane jan kunama harsashi ɗaya ne, abin da kawai take yi da kanta shi ne ɗora na gaba.

Wai mai matsakaicin farashi ta fi. A kasuwar ɓoye farashi ba ya nuna inganci, domin ba rasit, ba garanti, ba wurin kai ƙara idan ta fashe a hannunka.

Abu ɗaya da saƙon bai ambata ba sam shi ne gida. Mu mutane ne masu zama da yawa a gida ɗaya, yara na shiga ɗaki suna fita, suna ɗaga katifa, suna buɗe akwati. Ga samari masu zafin kai, ga rikicin gona da na gado da ke tashi tsakanin ’yan uwa. Faɗan da a da zai ƙare da zagi da shiga tsakani, idan akwai fistol a kusa, yana iya ƙarewa da jana’iza.

Zuwa ga mai turawa da wanda aka tura wa

Wanda ya zauna ya haɗa wannan saƙo, ya ɗauko tallar ’yan kasuwar wata ƙasa ya liƙa mata hukuncin da ya ƙirƙira da kansa, bai kyauta wa jama’a ba. Ya sami mutane cikin firgici ya nuna musu rami ya ce mafaka ce. Ku kuma masu ilimi a cikinmu da kuka danna kuka tura ba ku bincika ba, da sauran nauyi a kanku, domin ganin sunanku ne ya sa ƙanina ya yarda. Addininmu ya hore mu da tantance labari kafin mu yaɗa shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Ranar da aka gurfanar da wani a kotu saboda wannan saƙo, babu ɗaya daga cikinmu da zai je ya yi masa ko da kwana ɗaya a cikin shekara goman.

Wanda ya gaskata kuwa ban ga laifinsa ba, tsoro ne da gajiya. Amma hanyar da ba ta kai mutum kurkuku tana nan. Maharbi ya je hedikwatar ’yan sandan jiharsa ya tambayi matsayin takardar bindigarsa ta toka, kuma kada ya ɗauke ta ya tsallaka wata jiha sai ya san ƙa’idar can. Mai son tsare garinsu ya shiga ta ƙofar da hukuma ta buɗe, kamar rundunar tsaron al’umma da Katsina ta ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a farkon 2024, inda ake tantance mutum, a horar da shi, a san abin da ke hannunsa. Sannan mu haɗa murya mu matsa wa waɗanda muka zaɓa lamba, domin tsaron rayukanmu bashi ne a wuyansu. Wanda ke ganin dokar 1959 ta tsufa yana da ’yancin neman a gyara ta, amma wurin gyaranta Majalisar Tarayya ne, kuma kafin a gyara, ita alƙali zai buɗe ya yanke hukunci.

Ƙanina ya fasa, ya zuba kuɗinsa a taki. Kai ma da wannan saƙo ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba. Koma zauren da ka gan shi ka rubuta musu a fili: fistol haramtaccen makami ce a Najeriya, gwamna ko sarki ko ƙungiya ba sa halasta ta, kuma hukuncin riƙe ta ba lasisi yana farawa ne daga shekara 10.